GIDA BISA TAYA: INA ZA A SAUKA?

Jawabin da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ga ya dace ta ba mu wannan wuri a yammacin yau. Batun da aka ɗora mana shi ne wani salon zama da ya yi tashe a Turai da Amurka, watau mutum ya bar gidan haya, ya sayi mota mai ɗaki, ya mai da ita gidansa, inda dare ya yi masa nan ne unguwarsu. An shaida mana cewa zancen ya shiga ɗakunan kwananku, har wasu na cewa in sun gama karatu wannan ita ce mafita.

Ba mu ɗauki maganar da wasa ba, domin kowa a nan ya san abin da ke jiran sabon ma'aikaci. Mai gida yana neman kuɗin shekara guda a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, albashi kuwa wata-wata yake zuwa. Gidajen gwamnati da iyayenmu suka tarar sun ƙare, musamman tun 2003 da Gwamnatin Tarayya ta koma ba ma'aikaci kuɗi a madadin gida, ta kuma sayar da yawancin nata gidajen. Wanda ya matsu haka, ba a ganin laifinsa in ya waiwayi kowace irin dabara.

Abin da za mu kawo muku guda ɗaya ne. Gida mai tafiya tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma duk inda ya yi ƙarko, abin da ya riƙe shi shi ne masauki, watau haƙƙin tsayawa a wani wuri sananne, kusa da ruwa, cikin yardar mutanen wurin. Za mu fara da ƙasashen da aka ƙera motar, sa'an nan mu dawo gida, mu dubi fadamar Kogin Haɗejiya da ƙasar Auyo.

ASALIN MOTAR DA MASU ZAMA CIKINTA

A 1950 ne kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ƙaramar bas ɗin nan da muka sani da sunan Kombi. Ba a daɗe ba wani kamfanin mai suna Westfalia ya shiga sa mata gado da tebur da kabad. A Amurka kuwa kamfanin Winnebago ya fito da nasa manyan motocin a 1966, masu ɗauke da madafa da makewayi da tankin ruwa. Duka an yi su ne domin mai gida da ke son hutun mako biyu a bakin teku, in ya gaji ya koma ya buɗe ƙofarsa.

Al'amarin ya juya bayan 2008, sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka ƙwace gidajen miliyoyin mutanen da suka kasa biyan bashi. Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi sawun waɗanda suka koma zama cikin mota, ta rubuta littafi mai suna Nomadland a 2017, aka yi fim ɗinsa a 2020, ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Yawancin mutanen da ta ba da labarinsu dattawa ne waɗanda fanshonsu bai kai kuɗin haya ba. Suna bin aikin lokaci ne daga jiha zuwa jiha: ɗaukar kaya a rumbunan kamfanin Amazon gab da Kirsimeti, girbin wata saiwa da ake yin sukari da ita, gadin wuraren shaƙatawa da bazara. In da a nan ne, da mun kira su 'yan cin rani.

To, mene ne babban abin da ke hana su barci? Tsoron a ƙwanƙwasa musu gilashi da tsakar dare a ce su tashi. Garuruwa da yawa a Amurka sun hana kwana cikin mota a bakin titi. A dajin gwamnati da ke yammacin ƙasar akan bar mutum ya yi kwana 14 a wuri ɗaya, daga nan sai ya ƙara gaba. Shi ya sa da sanyi dubbansu ke taruwa a hamadar Arizona, kusa da wani ƙauye mai suna Quartzsite, inda hukuma ta keɓe fili na dogon zama.

A Ingila ma haka ne. Dokar 1968 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su keɓe wa kabilun nan masu yawo da keken-ɗaki wuraren sauka. A 1994 aka ɗauke wannan wajibci, a 2022 kuma aka kafa dokar da za a iya kama mutum, a ƙwace motarsa, in ya zauna cikinta a filin wani ba da izini ba, aka ce ya tashi ya ƙi. Motar ba ta sāke ba a tsawon waɗannan shekaru. Dokar sauka ce ta sāke, rayuwar mutanen ta bi ta.

MU YI LISSAFI

Yanzu mu sa wannan mota a hanyar Kano zuwa Haɗejiya, mu ga abin da za ta tarar. Ɗakin da magina suka saba fitarwa ƙafa 12 ne sau 12. Kombi kuwa tsawonta duka, har da wurin direba da inji, bai kai mita 5 ba. A watan Afrilu zafin ƙasar Haɗejiya yakan wuce digiri 40, kuma duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana ya san cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma, in aka rufe tagogi aka hura gawayi don jin ɗumi, hayaƙin da ba a gani yana iya kashe mutum cikin barcinsa.

Sai ruwa. Ma'aikatan agaji na duniya sun ƙiyasta lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata kullum, a sansanin gudun hijira ma ke nan. Iyali mai mutum shida suna bukatar lita 90, watau jarka biyar saura kaɗan, mai nauyin kilo 90, kowace rana ta Allah. A rijiyar wa za a ɗebo? Ruwan wanka da ƙazanta kuma a bayan gidan wa za a zubar? Ga man fetur, wanda tun da aka janye tallafinsa a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Ranar da injin ya buga, mai gida da gidansa duka suna garejin makanike. Daɗin daɗawa, fuloti yana ƙara daraja yana kwance, mota kuwa tana raguwa ko tana ajiye.

Wannan duk lissafin aljihu ne. Akwai wanda ya fi shi nauyi. Gidan Bahaushe hawa-hawa ne: zaure inda baƙo ke sallama ya tsaya, shigifa, sa'an nan tsakar gida da ɗakunan mata, da turaka, da madafa, da rumbu, da makewayi. Kowane mataki yana raba wanda zai shiga da wanda zai jira, wannan kuwa shi ne sutura. Mota ƙofa ɗaya gare ta, kuma ƙofar a kan titi take buɗewa. Samarin da ke cikinku su tambayi kansu abin da za su ce ranar da iyayen amarya suka aiko a nuna musu inda za a yi jere. Ranar suna, a ƙofar wa za a shimfiɗa tabarma? Ranar rasuwa, wane maƙwabci ne zai fito da gatari da shebur?

Kada a ɗauka muna cewa sai mai katanga ne mai gida. Suratun Nahli, a aya ta 80, ta lissafa gidan zama da tantin fata duka biyu cikin ni'imomin Ubangiji. Malamanmu na Malikiyya kuma sun koya mana cewa matafiyi yana yin ƙasaru, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, sai ya cika salla. Shari'a ta san tafiya, ta kuma san sauka, kowanne da hukuncinsa.

MASU GIDA MAI TAFIYA A FADAMAR HAƊEJIYA

Auyo tsohon gari ne, yana cikin ƙananan masarautun da ke bin Barno kafin jihadi, har da harshensa na Auyakanci wanda yanzu ya ɓace. Gidan da ke sarautar Haɗejiya tun farkon ƙarni na 19 kuwa asalinsa Fulanin Ardo Abdure ne, waɗanda kiwo ya kawo su ƙasar. Saboda haka wanda ya raina ruga a wannan yanki bai karanta tarihinsa ba.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tuddan yashi jefi-jefi, fadamu a tsakaninsu. A da, kogi yakan cika a Agusta da Satumba ya malale fadama, sa'an nan ya janye sannu a hankali har ya ƙafe da rani. Fili ɗaya yakan ciyar da mutum uku a shekara. Manomi ya shuka shinkafa cikin ruwa, in ya janye ya bi laima da wake. Masunci ya kafa bukkarsa ta zana a kan tudu, ya hau gora ko kwalekwale, ya yi su, ya yi banda, in tafkin ya ƙafe ya naɗe ya bi wani. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, mai neman kifi ma dole ya bi shi. Da rani kuma makiyayi ya gangaro da garkensa ya ci ɗanyar ciyawa da karan gona.

Ku dubi gidan wannan makiyayi da idon mai ilmin gini. Sanduna ne da ake lanƙwasawa, da tabarmi ko zana, da ƙorai da gado. Matar gida ce ke kafa shi, cikin 'yan sa'o'i ta gama, in an tashi a ɗora wa takarkari ko jaki. Ba ya shan mai, ba ya biyan kwastan, iska na ratsa shi da zafi, abin da ya lalace a sake yanko shi a daji. A wajen dacewa da ƙasarmu, babu wata mota daga Jamus da za ta kama ƙafarsa.

Amma wannan gida mara nauyi yana tsaye ne a kan abubuwa masu nauyi. Akwai burtali wanda manomi ya san ba a nome shi. Akwai mashaya. Akwai ardo da ke zuwa gaban bulama ko dagaci ya yi gaisuwa kafin a kafa turke. Akwai manomin da ke marmarin shanu su kwana a gonarsa saboda taki, da cinikin nono da hatsi tsakanin mata. Masunci baƙo kuma ba ya jefa taru sai ya ga Sarkin Ruwa. Kowa ya san lokacin zuwa da lokacin tashi, shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne.

Fatake ma haka suka yi. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan shafe watanni a hanya ƙarƙashin madugu, gidansu a bayan jakuna. Abin da ya sa tafiyar ta yiwu shi ne zango: fili a bayan gari, da ruwa, da Sarkin Zango, da fatoma mai saukar da baƙi ya tsaya musu a ciniki. Unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara har gobe Zango ake kiransu. Magadansu a yau su ne direbobin tirela da yaransu, masu ɗaukar kifi da tattasai da shanu daga wannan yanki zuwa Ikko, waɗanda kwanansu a kan mota ya fi na gida yawa. Su ma ba sa tsayawa ko'ina sai inda aka san su, irin su Mararrabar Jos da Tafa, inda akwai ruwa da abinci da masallaci da makanike. Kuma ku tambayi kowane direba burinsa, zai ce muku ya gina gida a garinsu.

ABIN DA YA TAƁA TSARIN

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 ta Challawa, a tsakani kuma, a 1976, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. An sami amfani mai yawa: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani, har da Shirin Kwarin Haɗejiya wanda gonakinsa ke ƙasar Auyo. Amma lokutan kogi sun rikice. Malalar damina ta ragu a wasu wurare, da rani kuma ana sakin ruwa, sai kogin ya daina ƙafewa. Wannan ya ba ciyawar kachala damar kafuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, har ya zama wani yanki yana nutsewa wani yana ƙishi.

A lokaci guda injin ban-ruwa ya yawaita, jama'a ta ƙaru, fadamar da ake bar wa shanu da rani ta cika da alkama da tumatir da albasa. Takin zamani ya rage wa manomi bukatar kashin shanu, karan gona ya zama abin sayarwa. Burtali ya tsuke, wani wurin ya ɓace, duk da cewa tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. Bukkar Bafulatani tana nan yadda take, sai dai wurin kafa ta ya yi wuya, kuma daga nan ne rigingimun da ke cin rayuka da dukiya suke tasowa. Abin da ya sami mai keken-ɗaki a Ingila shi ne ya sami mai takarkari a fadamarmu.

Sa'an nan ga wasu sababbin masu tashi waɗanda ba su zaɓi tashin ba. A 2018 da 2020 da 2022 ruwa ya ci garuruwa da gonaki a ƙasar Auyo da maƙwabtanta irin su Miga da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Gidan ƙasa in ruwa ya kwana a gindinsa zubewa yake yi. Mutanen da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a gari ɗaya suka wayi gari da tabarma da tukunya a ka, suka cika azuzuwan firamare da gefen kwalta. A irin wannan rana mota mai ɗaki ba ta tsinana kome, don hanya ta yanke, kwalekwale ne sarki. Tambayar da ke bakin kowa ita ce wadda muka sa wa wannan jawabi suna: ina za a sauka?

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ba mu ce motar ba ta da wani amfani ba. Mai safiyo, da malamin dabbobi, da ma'aikacin allurar rigakafi, da injiniyan da ke duba madatsa, duk za su ji daɗin mota mai gado da tankin ruwa da farantin hasken rana. Kayan aiki ce mai kyau ga wanda yake da inda zai koma. Hukumar Ilmin Makiyaya da aka kafa a 1989, wadda daga baya aka haɗa mata da 'ya'yan masunta, an gina ta ne a kan wannan tunani, watau aikin gwamnati ya bi mutane inda suke. Wanda dai ya sayar da fulotin gādo don ya sayi gida bisa taya, ya tuna kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da yawa daga cikinku, nan da 'yan shekaru, ku ne za ku zauna a ofisoshin ƙasa da safiyo, da na ayyuka, da sakatariyar ƙananan hukumomi. Muna roƙonku abu huɗu.

Na farko, ku san ikon da ke hannunku. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma damar ba da fili a karkara har hekta 500 domin noma, da hekta 5,000 domin kiwo. In takardar wani babba ta zo teburinku, ku buɗe taswira, ku je wurin da ƙafarku, ku tabbata ba burtali ko mashaya ake so ku sa wa hannu ba.

Na biyu, kowane gari da ke bakin kogi ya kamata a keɓe masa tudu tun da rani, a auna shi, a rubuta shi da sunan garin, a haƙa rijiyar burtsatse da makewayi, kowa ya san wurin. In ruwa ya zo a hau, in ya janye a sauko, yara kuma su ci gaba da karatu a azuzuwansu. Wannan zango ne irin na zamaninmu, kuma kuɗinsa bai kai na buhunan agajin da ake rabawa bayan ɓarna ba.

Na uku, a gyara wuraren tsayawar manyan motoci da na 'yan cin rani, a sa ruwa da haske da tsaro, maimakon a riƙa korarsu daga wannan kwana zuwa wancan.

Na huɗu ya shafe ku kai tsaye. Matsalar haya da ta sa kuka fara wannan tunani ba za ta warware da gudu ba. Ku haɗa kai a ma'aikatunku, ku kafa ƙungiyoyin gama-kai da adashi, ku sayi fili tare, ku gina ɗaki ɗaya da makewayi ku shiga, sauran ya biyo baya kamar yadda iyayenmu suka yi. Ku matsa wa ƙungiyoyinku na ƙwadago su nemi a riƙa karɓar haya wata-wata, yadda albashi ke zuwa, su kuma bi kadin kuɗin da ake yanka wa ma'aikata domin Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992. In kuma an tura ɗayanku aiki ƙauye, ya fara da zuwa gaida dagaci da liman. Da wuya ya kwana a waje.

Malam Shugaba, kakanninmu sun yi tafiyar da ta fi tamu nisa, da jaki da takarkari da kwalekwale, suka kuma bar wa na baya wuraren sauka daga nan har Gwanja. Abin kunya ne a ce mu da muke da taswira da doka da digiri, a hannunmu ne waɗannan wurare za su ƙare.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya ba kowa muhalli na alheri, ya kiyaye mutanen bakin kogi daga sharrin ruwa.